Rubutun Kiran Alhazai

Na'ibi ya buga ƙusa ta ƙarshe, ya sauko daga kan garwar da ya taka, ya ja baya yana duban aikinsa. Fallen kwano ne guda cur, ya shafe shi da farin fenti, jan rubutu ya cika shi baki da baki. Duk motar da ta taso daga Shinkafi ko Zurmi za ta shiga tashar Ƙaura, dole ta gabansa za ta bi.

"Sodangi, ɗaga kai ka gani. Allon Ya'u ya kai rabin wanga?"

Sodangi mai shayi, abokinsa tun suna yara, ya kare ido da hannu. "Bai kai ba. Amma mi ka rubuta?"

"Abin da ke kiran mutane."

"Kai da ko ƙofar aji ba ka taɓa leƙawa ba?"

"Aji ne ya fid da ni shekarar farin da ya ƙare shanun Zurmi? Aji ya tashe ni daga kwalara har sau biyu? Ido gare ni, hannu gare ni. Zuba min shayi."

Shekara arba'in da shida Na'ibi yana kilishi a zauren gidansa da ke ƙarshen lungun mahauta, bai taɓa talla ba. Lokacin da jirgin ƙasa ke jirgin ƙasa, fasinjan Ikko ba ya hawa sai da ƙunshinsa a jaka. Alhazai kuwa, kowace shekara in tafiya ta matso, a gidansa suke yin guzuri, don kilishinsa yana zuwa Makka ya dawo bai canja ɗanɗano ba. Wannan ba yabo ba ne, a tambayi kowa.

Sai ga Ya'u. Yaron da Na'ibi ya koya wa riƙon wuƙa, ya koya masa shanya nama a gadon kara, ya nuna masa yadda ake dama labu, kunun gyaɗa da yajin da ake tsoma naman a ciki. Bara ya buɗe nasa a gida na biyu cikin lungun, ya kafa ɗan allo a bakin titi, yana saka wata 'yar takarda a kowace leda. Da aka ƙaddamar da Shari'a watan jiya, gari ya cika da baƙi, malamai da alƙalai da sababbin ma'aikata, ba wanda ya san Na'ibi a cikinsu. Su dubi allo, su shige gida na biyu. Ga alhazan bana saura kwana shida su tashi, mutum biyu kacal suka taka zaurensa. In suka tafi da kilishin wani, shi ke nan, sunan ya koma can.

Na'ibi ya zauna ya yi tunani irin nasa. Nama dai nasa ya fi. Labu, ai ba a haɗawa. To me ya rage? Rubutu. Shi ya san aikin rubutu. Ya ga malam ya rubuta allo, an wanke, an sha, zazzaɓi ya sauka. Yanzu da masu wa'azi suka sa masu tsibbu a gaba, ai wayo Ya'u ya yi, ya ɓoye asirinsa cikin boko inda ba mai zarginsa. Don haka bai gaya wa kowa ba. Kwana uku yana zaune tsallaken titi da gawayi da takardar buhun siminti, yana kwafe allon Ya'u zane bayan zane. Har wata 'yar ƙugiya da ke rataye a sama bai bari ba, don a irin waɗannan ƙananan ake ɓoye ƙarfin abu.

Ya koma gida ya shimfiɗa buzu a ƙofar zaure, ya gyara hula. A cikin gida naman cinyoyin bijimi guda na shanye a rana.

Rubutu kuwa ya yi aiki. Ana sallame azahar wata farar mota ta tsaya, wani mai babbar riga ya sauko ya nufo shi kai tsaye. Na'ibi ya ji ƙirjinsa ya buɗe.

"Salamu alaikum, Baba. Don Allah ina ne gidan Ya'u mai kilishi?"

Na'ibi ya dube shi daga hula har takalmi. "Kun wuce shi."

Kafin la'asar mutum bakwai suka yi masa wannan tambayar. Daga inda yake zaune yana jiyo dariyar Ya'u, yana ganin ledoji na fita cike. Ya ce a ransa asirin bai gama gane sabon ubangidansa ba ne, zuwa gobe zai saitu. Amma goron da ke bakinsa ya daina daɗi.

Nan Rabi'atu ta same shi. 'Yarsa ce ta fari, tana koyarwa a firamaren Sakajiki, ta sauka a tasha daga motar mata. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye jaka.

"Baba, Ya'u ya yi ƙarfi bana. Ka ga ƙaton allon da ya kafa a tasha? Sai dai wanda ya rubuta masa ya cuce shi, haruffa kamar sawun kaji."

Na'ibi ya tsayar da tauna. "Allon wa?"

"Na Ya'u mana."

"Mi anka rubuta?"

"Kilishin Ya'u. Lungun mahauta, gida na biyu. Babu kamarsa a Ƙaura."

"Sake faɗi. Na ƙarshen."

"Babu kamarsa a..." Ta tsaya. Idonta ya sauka kan farcensa, inda jan fenti ya maƙale. Ta dubi bakin rigarsa. Ta rufe baki da gefen hijabi, ba ta ƙarasa ba.

"In kika yi dariya, Rabi, ba ni na haife ki ba."

"Ban yi ba, Baba."

Ya miƙe, ya shiga zaure, ya fito da guduma. Yana sa takalmi sai ga sallama. Ya'u ne, gumi har wuya, ya zube a gefen buzu kamar zamanin da yake yaron gida.

"Baba, Sodangi ya gaya min. Ya ce da hannunka ka rubuta, da hannunka ka kafa." Ya share gumi. "Shekara guda ina kauce wa ƙofar nan, ana ce min fushi kake da ni. Ashe ni ne ban da hankali. Ka yafe min."

Na'ibi ya gyara tsayuwa. Gudumar na bayansa.

"Kuma ga abin da allonka ya jawo. Alhazan Shinkafi da na Kurya sun haɗu, su talatin da ɗaya, kowa na son guzuri kafin Litinin. Wallahi ba zan iya ba. Kuma ka sani, labuna ba ya kai wata biyu, naka ne ke zuwa ya dawo. Ka karɓi rabi. Sai dai a ledata za a zuba, don ita sunka gani."

Rabi'atu ta sunkuyar da kai. Can bakin lungu wata motar ta sake tsayawa. Na'ibi ya dubi yaron, ya dubi hayaƙin da ke tashi daga gida na biyu. Kilishinsa zai je Makka bana ma. Alhaji zai ci a Mina, ya lumshe ido, ya sa wa Ya'u albarka.

Ya saki gudumar a hankali bayan ƙofa.

"To in ban ɗaga ka ba, wa zai ɗaga ka? Kwana uku na yi kan allon can, yaro. Ɗan boko ma sai ya yi mako. Tashi ka kawo naman. Kuma kar ka taɓa min labu, ni zan dama."

Ya'u ya tashi da gudu yana ta godiya. Na'ibi ya jawo dutsen wasa wuƙa ya zauna, ya tofa masa ruwa.

"Rabi."

"Na'am, Baba."

"Sunan yaron nan, a boko, harafi nawa ne?"

"Uku."

"Nawa sunan fa?"

Ta lissafa da yatsu. "Biyar."

Na'ibi ya gyaɗa kai, ya ɗora wuƙar a kan dutse.

"To," ya ce, ya fara wasawa.