Tukwanen Maikano

Alhaji Badamasi bai gano yana da jinin sarauta ba sai shekarar da ya kafa injin casar shinkafa na uku a bakin titin Kura. Kafin nan ɗan Uba mai albasa ne kurum, jikan wani Maikano da ba ya ko son a tayar da zancensa. Da kuɗi suka zauna sai ya tuna da kakan. Ya sa aka buga sunan a buhunansa, da zanen rawani a sama, ya shiga gaya wa dillalai cewa ba banza ake kiran mutum Maikano ba: ɗan sarki ne da 'yan'uwa suka yi wa ƙulli, ya yi fushi ya fito daji. Manoman da ke kai masa shinkafa suka ce ƙwarai kuwa, su ma sun sha jin haka.

Abin da ya ƙwallafa rai a kai shi ne dagacin garinsu ya naɗa shi Ciroma. Dagaci ya ce wannan sarauta ta 'ya'yan sarki ce, sai ya kawo hujja. Alhaji ya ɗebi leburori ya kai su kufan kakansa, wanda yanzu gonar tumatir ce a gefen kanal ɗin ban-ruwa, aka yi ta haƙa har aka ci karo da tukwane shida, kowacce yaro zai iya ɓuya a cikinta, gindinsu baƙi ƙirin. Ya ce magana ta ƙare. Wa ke girki da irin waɗannan in ba mai ciyar da fada ba? Aka wanke su, aka jera a ƙofar dagaci.

Saura shaida. Cikin 'ya'yan Maikano mutum ɗaya ta rage, Goggo Kubra, ƙanwar ubansa, ta haura casa'in, tana zaune a wani ƙauye bayan Bunkure cikin dangin da ya shekara ashirin bai taka ba, don wasunsu coci suke zuwa, wasu ko cocin ba sa zuwa. Ya tafi da kansa, da turmin atamfa. A mota ya yi ta biya mata abu uku: mutane na zuwa wurin tsohon daga nesa, suna durƙusawa gabansa, kuma ba a taro sai da shi. Ta ce duk gaskiya ne, me zai sa a koya mata? Alhaji ya ji daɗi har ya ƙara mata goro.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka taru. Dagaci ya tambaya, ta amsa ukun nan daram, har ta ƙara da cewa daga Madobi ma zuwa ake da jakuna. Alhaji ya gyara hannun babbar riga, yana duban inda rawanin da ya riga ya saya ke naɗe a leda. Sai liman, Malam Abdulsamad, wanda bai iya barin zance a inda ya yi kyau ba, ya ce to me ke kawo su?

"Giya mana, Malam," in ji ta. "Me zai kawo mutum daga Madobi? Durƙuson kuwa, ai ba a shan ƙwarya a tsaye. Wasu ma sai an ɗauke su."

Ta tashi da sandarta ta shafa tukwanen ɗaya bayan ɗaya, fuskarta fal alfahari. Ta ce burukutun gidansu ba a yi irinsa ba a ƙasar nan. Gayyar da ba a kai shi ba ko fartanya biyar ba ta tarawa. Har yau a wajensu in giyar dawa ta yi ƙarfi cewa ake ta yi maikano. Sunan kuwa tsohon ya samo shi ne don an haife shi ranar da ubansa ya dawo daga Kano sayar da jaki.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce tsufa ne, a yi mata uzuri.

"Kai Badamasi, tsufa a ina? Shi tsohon ma ko wuta bai taɓa hurawa ba. Innata ce ke tsima dawa, ta dafa, ta tace. Shi nasa zama a inuwa da amsa suna. Ka ga kai ka gado shi."

Ba wanda ya yi dariya, amma dattawa da yawa sun sami abin kallo a tafin hannunsu. Dagaci ya ce maganar Ciroma a bar ta. In Alhaji na so, akwai Sarkin Casa, ita ba a tambayar kakan kowa.

Goggo Kubra ta ce ba inda za ta sai da tukwanen uwarta. Haka aka loda su a bayan motar Alhaji, kan buhuna masu zanen rawani, ya ratsa kasuwa da su a hankali don kar su fashe, kowa na gani.

Kafin Juma'a ta zagayo ya aika wa dagaci cewa ya karɓi Sarkin Casar. Rawanin dai an riga an saya.