Rigar Aro a Bakin Famfo

Kafin Tela ya iso bakin famfo har an ɗauke wani tsoho mai garuwa na unguwarsu, sai jininsa a gefen kwata da jarkoki warwatse. Matasan unguwa sun yi wa Makanike ƙawanya, wani ya shaƙe shi da wuyan rigarsa ta sa-kai, wani yana laluben dutse. Maganar kowa ɗaya ce: mai rigar sa-kai ne ya ture tsohon. Masu rigar kuwa biyu ne yau, Tela ɗan gida da Makanike ɗan tsallaken kwata. Wa zai zargi Tela, mutumin da ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba?

Tun rikicin bara da aka ƙona shaguna a kan layin ruwa, unguwannin biyu suka kafa ƙungiyar sa-kai. Ka'idarta guda ce: kullum mutum biyu a bakin famfo, ɗaya daga nan ɗaya daga can, jarkar nan ta cika sai ta can. Tela ne ya ɗinka rigunan kyauta. Shi ne kuma yau da safe, da wani mai kaya ya tsaya masa a kai sai ya gama masa ɗinki, ya zura wa ƙanen matarsa tasa rigar. Guguwa ake ce masa, ba a banza ba. Tela ya roƙe shi ya tsaya kawai a ga riga biyu, kada ya buɗe baki.

Da ƙyar Shugaba, tsohuwar nas mai kemis da ke jagorantar ƙungiyar, ta ƙwato Makanike ta kulle shi a shagonta. Tela ya zagaya ta baya ya leƙa taga. Makanike yana zaune kan kwali, leɓensa a kumbure.

"Sarkin allura, an gama ɗinkin?"

Tela ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ban faɗa ba," in ji Makanike. "In na faɗa, cewa za su yi ɗan tsallake na neman mafita. Bakinka kaɗai za su ji."

A hanyar asibiti matar Tela ta kira shi tana kuka. Guguwa yana uwar ɗakinta a ɓoye. Wai jarkar wata abokiyar hirarsa ya sa gaba, aka yi masa magana ya kai hannu, tsohon ya shiga rabo ya tafi da baya cikin kwata. Ta ce shi kaɗai ne namijin da ya rage a ɗakinsu, in matasan nan suka ji, gawarsa za a kawo mata. Makanike ai yana da mutanensa, za su tsaya masa. Tela ya san yadda za su tsaya masa. Ya gani bara.

An ɗinke wa tsohon ƙeya, amma bai farfaɗo ba. A barandar asibitin mutanen unguwa sai jajanta wa Tela suke, an haɗa shi aiki da mugu. Wata dattijuwa har ta sa masa albarka. Kowace albarka ji yake kamar an soka masa allurarsa a ƙirji. Daga gefe kuma ana ta raɗa cewa yau garejin Makanike ba zai kwana a tsaye ba.

Da Shugaba ta iso asibitin, Tela ya ja ta kusa da ɗakin magani ya zayyana mata komai, har roƙon matarsa. Ta kalle shi ta saman tabarau.

"Riga ka ɗauka muka aika bakin famfo, ɗan nan? Da riga muke so ai da mun rataye ta a sanda."

Ta ce za ta tara dattawan ɓangarorin biyu kafin rana ta faɗi, ya maimaita da bakinsa. Ita za ta sa a kai Guguwa ofishin 'yan sanda tukuna, can ya fi masa aminci. Abin da ya rage tsakaninsa da matarsa kuwa, wannan ɗinkinsa ne. Ya gyaɗa kai. Ta wuce tana latsa waya.

Yana nan jingine da bango sai wata babbar mota ta ci burki a ƙofar asibitin. Wani ƙato ya duro, ƙurar doguwar tafiya har gashin idonsa, bayansa mutum uku. Ya shiga ɗakin tsohon, ya fito idonsa jawur. Aka nuna masa Tela, ya zo ya kama hannunsa da hannu biyu.

"An ce kai ne namu a wurin. Na gode da ka tsaya wa babana." Ya ƙara damƙe hannun. "Zo mu je ka nuna min shi."