Ƙaiƙayi a Bayan Gilashi

Mijina aikinsa tsayuwa. Kada ku ce gadi, mai gadi ai yana hamma. Shi a bayan gilashin wani kantin kayan sawa yake wuni, tsakanin mutum-mutumi biyu na roba, an saka masa kwat da takalmi sau-ciki, ya ƙura wa titi ido har a tashi. Asali na ukunsu ne ya faɗi ya karye a wuya, mai kantin ya ce mijina ya riƙe wurin kafin a kawo sabo. Sabo bai zo ba, shi kuma ya gano abin da aka halicce shi dominsa. Na daɗe ina masifar ba ya motsi a gida, ashe bawan Allah horo yake yi.

Sharaɗin aikin ɗaya ne. Ranar da mai wucewa ya ga ya motsa, ranar ya kwashe nasa ya nasa.

Sai ƙaiƙayi ya sauka a tsakanin yatsun ƙafarsa. Fatar ta yi fari, ta jiƙe, tana saɓulewa, ga wari da ba na son in tuna. Da ya dawo gida sai ya zauna a bakin gado ya rama susar wuni guda, yana lumshe ido. Na ja shi muka tafi kyamis.

Mai kyamis, wata mata mai tabarau, ta leƙa ƙafar ta miƙo wani ɗan bututun man shafawa wanda sunansa ya fi shi tsawo.

"Malam, wannan ƙwayar cuta ce 'yar uwar fumfuna, zafi da danshi take so. Ka wanke ƙafa, ka tsane ta sosai har tsakanin yatsu, ka shafa kaɗan safe da yamma. Kada ya taɓa ido, kada ya shiga baki. In wurin ya kumbura ko ya ɗau zafi, ka dakata ka dawo. Kuma ko ƙaiƙayin ya tafi, kada ka bari sai wa'adin da na yanka maka ya cika, don dawowa yake yi."

"To, Malama."

"Akwai wanda kuke musayar takalmi da shi?"

"Abokan aikina biyu. Kullum juya mana takalman ake yi."

"To su ma a duba ƙafafunsu, in suna da ita su yi magani. In ba haka ba ka yi ta karɓa ke nan."

Ina baiwar Allah za ta san abokan aikin na roba ne? Shi bai faɗa ba, don a wurinsa ba abin faɗa ba ne. Ni kuma na ɗauka akwai abin da ba sai an yi wa magidanci bayani ba.

Kafin mako ya zagayo ƙaiƙayi ya lafa. Amma bututun sai ramewa yake yi kamar ana tsotse shi.

"Baban yara, shan man nan kake yi?"

"Haba, ba kin ji an ce kada ya shiga baki ba? Na Dogo da Gajere ne."

Haka yake kiran robobin. Ashe da sassafe yake zuwa kafin a buɗe kanti, ya wanke musu ƙafa, kowa da tawul ɗinsa, ya tsane, ya shafa.

"Gajere ne mai wahala," ya ce. "Yatsunsa a manne suke, sai da tsinke nake tura masa."

"Kai fa, kana shafawa?"

"Ni ai na warke. Su ne ba su da bakin faɗa."

"Roba ce fa! Roba!"

"Ke da ba ki taɓa wuni da su ba kya ce roba. Dogo bai taɓa sosawa ba ko sau ɗaya. Kin san irin haƙurin da ake yi kafin a kai haka?"

Na yi magana har bakina ya gaji. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Mai sayar da jarida a tsallaken titi shi ya ba ni labarin ranar da ƙaiƙayin ya dawo. Ya ce da farko gumi ya gani yana bin wuyan kwat. Can sai takalmin ya fara numfashi, yana tashi yana sauka. Wata tsohuwa ta matso ta manna fuska a gilashi tana duba ɗinkin aljihu, sai mutum-mutumin tsakiya ya ce mata ta yi haƙuri, ya dafa kafaɗar Gajere, ya tuɓe takalmi ya hau susa da hannu biyu. Tsohuwa ta watsar da jakarta ta tsallaka titi tana salati. Kafin azahar mijina yana gida.

Wallahi ya ba ni tausayi. Mutumin da ba ya motsi ya koma zagaye ɗaki, daga taga zuwa ƙofa, bai san inda zai ajiye hannuwansa ba. Na koma kyamis na ba da labari, matar ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce takalman ne ke son rana, shi kuma ya riƙa canza safa. Wannan karon bututun a hannuna yake. Safe da yamma ina tsaye a kansa, har wa'adi ya cika, ƙafa ta yi sumul.

Ranar da ya koma roƙon aikinsa na bi shi. Mun tarar an kafa sabo a wurinsa, na roba, hancinsa ma ya fi na mijina tsari.

"Ka yi haƙuri," in ji mai kantin. "Wannan ba ya ƙaiƙayi."

Mijina ya juya. Ya fito ya tsaya a gefen ƙofa, a kan titi, cikin tsohuwar kwat ɗinsa, ya daskare. Na roƙe shi, na zage shi, na ce za a ce ya zare. Ko ƙiftawa bai yi ba. Ƙuda ya sauka a girarsa ya huta ya tashi. Mutane suna wucewa, wata ma ta shafa hannun rigar ta ce yadin bai yi mata ba.

Da yamma hadari ya haɗo. Wasu sababbin ma'aikata biyu suka fito kwashe kayan da aka baje a waje, ɗayansu ya tsaya a gabansa ya riƙe baki.

"Kai, wa ya bar wannan a waje? Zo kama, kada ruwa ya ɓata shi."

Ɗaya ya kama hammata, ɗaya ya kama ƙafafu, suka ɗaga shi a sanƙare kamar katako. Da suka zo wucewa ta gabana na ga hawaye ya gangaro masa yana shiga kunne, bai ɗaga hannu ya share ba. Ni na riƙe musu ƙofa.