Farantan Da Suka Ba Rana Baya

Nélida Apaza ta diro daga motar jami'a tun direba bai kashe inji ba, ta nufi rijiyar da kwamfuta a hammata. Mako uku ke nan famfon sola da ta kafa wa ƙauyen ba ya cika ko rabin tanki, dabbobin lama, masu kama da ƙananan raƙuma, har sun fara ramewa. A rahotonta ta ɗora laifin a kan mai kula da famfon, ta ce ba ya goge farantan da ke kama hasken rana. Yau da ƙarfe biyu za a yi taron gari a tsige shi, a kuma hana gonarsa ruwa har shekara guda.

Ta tarar da shi a kan tsani, Baba Fermín Choque, da tsumma a hannu, kumatu cike da ganyen koka da ake taunawa a nan kamar goro.

"Injiniya! Kin zo kallon yadda ake yanka tsoho?"

"Baba, na'ura ce ta nuna, ba ni ba."

"To shafa ki ji. Ko kwanon cin abincina bai kai su tsabta ba."

Ta shafa, babu ƙura ko kaɗan. Ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Sai idonta ya faɗa kan naman da aka shanya a igiya, a bayan farantan, rana na dukansa.

"Me ya sa kuke shanya a nan?"

"Ai nan ranar take, 'yata. In sanyi ya shigo ta arewa take bi. Ko jaki ya san wajen da zai kwanta."

Ta ɗaga kai ta duba. Farantan kudu suke kallo! Shekara uku ta yi tana karatu a Jamus, inda kowane faranti ke kallon kudu, kuma zanen can ta kwafo, ta manta nan kudancin duniya ne, inda rana ke bi ta arewa. A watan Disamba da aka kafa su rana tana tsakiyar kai, shi ya sa kuskuren ya ɓuya.

"Baba, me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa wa ɗalibanki. Suka ce zanen daga Turai ya zo, wai ni aji nawa na yi."

Ta koma gefe ta kira Farfesa Zeballos, shugaban sashensu, ta faɗa masa.

"Ki rufe bakinki," in ji shi. "Ranar Litinin masu ba mu tallafi za su zo. In wannan ya fita, an rufe ɗakin binciken, ke ma kin tafi. Bari su canza mai kula, wata mai zuwa mu juya farantan shiru."

"Gonarsa fa, Farfesa?"

Ya kashe waya.

Ƙarfe biyu filin makaranta ya cika. Shugaban gari ya gyara bulalar mulki a kafaɗarsa.

"Injiniya, maimaita mana abin da kika rubuta."

Nélida ta miƙe. Baba Fermín na zaune a ƙasa, hula a gwiwa, bai ko dube ta ba.

"Abin da na rubuta ba haka yake ba. Ni na kafa farantan a baibai." Surutu ya kaure, ta ɗaga murya. "Ina son mutum shida masu ƙarfi mu juya su su kalli arewa. Wa ke da sifana mai lamba sha bakwai?"

Tsohon ya tura hannu cikin mayafinsa, ya ciro ta, ya miƙa mata.

"Tun watan Afrilu nake yawo da ita," ya ce.