Katin da Na Ciro Daga Aljihu

A ɗakin wankin otal ɗin da nake aiki, rediyo yana kan wata kanta sama da injin busar da kaya, an ɗaure eriyarsa da zare don kada ta faɗi. Ƙarfe ɗaya na rana muke ajiye aiki mu ci abinci, kuma a lokacin ake sa wani wasan kwaikwayo da muka shekara biyu muna bi. Mu shida ne, duk mata. Mukan zauna a kan buhunan zannuwan gado, tururi yana tashi, kowa da kwanonta a cinya.

A cikin wasan akwai wata mata da muka sa wa suna Mai Makulli, saboda duk inda ta motsa sai ka ji ƙarar makullai. Tana kulle 'yarta a ɗaki. Ta taɓa marin yarinyar don kawai ta zauna kusa da wani baƙo. Idan mijinta ya taɓa ta ta baya sai ta ƙwalla ƙara. Babu wadda ba ta tsane ta ba a cikinmu. Doguwa, mai guga, wadda ta fi mu baki ta kuma fi mu karatu, kullum cewa take wannan ba mugunta ba ce kaɗai, kan matar ne ya kwance, a samo igiya kawai. Mu yi ta dariya. Ni ma ina sa nawa. Na taɓa cewa da maƙwabciyata ce, ko ruwa ba zan karɓa daga hannunta ba.

Mutum ɗaya ce ba ta dariya, ƙanwata Auta. Na girme ta da shekara goma sha biyu, ni na samo mata aikin, tana ninke tawul. Yarinya ce da za ta wuni ba ka ji muryarta ba, amma da an taɓa Mai Makulli sai bakinta ya buɗe. Ba ta taɓa cewa marin daidai ne ba. Cewa take marin laifi ne, kullen ma laifi ne, amma mu saurari yadda numfashin matar yake canzawa idan an ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ce ba a haifar mutum da irin wannan tsoron, wani ne yake koya masa. Doguwa ta sa mata suna Lauya. Da an fara kiɗan wasan sai ta ce a matsa wa Lauya wuri, yau ma akwai shari'a.

Wata rana muna tafiya wurin hawan mota, Auta ta ce, "Yaya, da a ce 'yar'uwarki ce fa?"

Na ce Allah ya kiyaye, babu irin wannan a jininmu.

Ta ce, "Haka ne." Ta gyara jakarta a kafaɗa, muka ci gaba da tafiya.

Ya kamata in faɗi wani abu a nan. Da mahaifiyarmu ta rasu Auta tana da shekara bakwai, ni kuma ina ɗaki ɗaya da miji da jariri. Sai aka kai ta gidan gwaggonmu, ta yi shekara takwas a can kafin ta dawo wurina. Ta dawo ba ta iya barci sai ta tokare ƙofa da kujera. Ba ta gaida mijin gwaggo ko da sun haɗu a hanya, na sha yi mata faɗa a kan rashin kunya. Da ya mutu ta ƙi zuwa gaisuwa. Duk wannan a gabana aka yi, kujerar ma tawa ce, amma ban taɓa haɗa shi da komai ba.

Ranar Laraba ake wanke rigunan ma'aikata. Duk iri ɗaya ne, shuɗaye, lamba ce kawai a wuya. Dokar ɗakin ita ce ba a sa riga a inji sai an lalube aljihu, abin da aka samu a zuba a wani tire da ke kan tebur. Laluben aikina ne. Ni aji uku na yi a makaranta, ina karatu amma harafi-harafi, sai mutum ya gaji da jirana. Don haka duk takardar da na ciro, Doguwa nake miƙa wa, ita kuma ta karanta da muryar mai karanta labarai, mu san mai ita mu kuma sha dariya. Da haka muka ji wasiƙar soyayyar wani mai dafa abinci, da jerin cefanen matar mai gadi. Ba mu taɓa ɗaukar abin laifi ba.

Wata Laraba na ciro wani kati a ninke, ya yi laushi saboda yawan riƙo. Ban ko buɗe shi ba, na miƙa. Doguwa ta gyara murya ta ce ga labarai da ɗumi-ɗuminsu. Ta karanta cewa katin asibiti ne, sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, ga ranar komawa ganin likita. Wata ta ce ashe muna da Mai Makulli a gidan nan. Doguwa tana dariya ta karanta sunan. Sunan ƙanwata ne, da sunan mahaifinmu.

Auta tana tsaye da tawul a hannu. Sai da ta gama ninke shi ta ajiye a kan 'yan'uwansa.

Abin da na yi a lokacin shi ne yake hana ni sukuni har yau. Na yi sauri na ce kuskure ne, na wata ce, suna ne ya zo ɗaya, ai mu babu wannan a gidanmu.

Auta ta zo ta karɓi katin daga hannun Doguwa. Ta dube ni ta ce, "Nawa ne, Yaya."

Babu wadda ta zage ta bayan nan. Da zagi ne ma da sauƙi. Almakashi ne ya bar teburinta. Kofin da muke sha da shi duka, aka daina miƙa mata. Shugabarmu ta ce kada ta ƙara matsawa kusa da dutsen guga, wai don lafiyarta. Idan wasan ya zo, sai a yi shiru ana satar kallonta, ita kuma ba ta ƙara kare kowa ba.

A gida, ranar hutunmu da safe, ina shanya tana miƙo mini kaya, ta gaya mini. Ta ce wata takwas ke nan tana zuwa asibitin, maganin yana sa ta barci, har ta fara mantawa da kujera. Ta ce likitar ce mutum na farko da ta gaya wa abin da mijin gwaggo ya yi ta yi mata tun tana ƙarama. Ta ce so take wasan ya kai inda za a faɗi dalilin Mai Makulli, ta ga fuskata, sannan ta gaya mini.

Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. Na yarda da ita, wallahi na yarda tun kafin ta rufe baki. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne mutumin ya mutu, ta bar maganar nan, kuma ta daina zuwa wurin nan mutane suna ganinta. Kunya nake ji, ita na sa a gaba.

Ta ce to. Ta ajiye katin a kan akwatina.

Ranar komawarta ta zo ta wuce. Maganin ya ƙare. Kujera ta koma bakin ƙofa, daga baya ma barcin ya tafi gaba ɗaya. Ta bar aiki. Mako bakwai bayan ranar Larabar nan, ta fita da safe sayen sabulu, kwana huɗu ba ta runtsa ba, ta shiga titi ba ta duba ba, mota ta buge ta, ta rasu. Direban ya rantse ya yi ta hon. Na yarda da shi.

Da na koma aiki, wasan yana nan bai ƙare ba. Wata rana aka kai wurin. Mai Makulli ta zauna da 'yarta ta faɗi abin da aka yi mata tana yarinya a gidan da aka kai ta riƙo. Shugabarmu tana share ido da bakin tawul. Doguwa ta ce Allah sarki baiwar Allah, da mun sani ai da ba mu zage ta ba.

Na ce, "An gaya mana. Kullum ƙarfe ɗaya ana gaya mana."

Katin yana aljihuna, tun ranar da aka binne ta ban rabu da shi ba. Na ciro shi na buɗe. Doguwa ta miƙo hannu kamar yadda ta saba, sai ta janye. Na karanta shi da kaina, harafi-harafi, sunan asibitin, da sashen, da ranar da ba ta koma ba, da sunanta da na mahaifinmu. Na daɗe ina yi. Babu wadda ta gaji da jirana.

Na ce, "Ba kuskure ba ne. Na ƙanwata ne. Magani take sha, kuma yana yi mata aiki, ni na hana ta."

Har yanzu ni nake laluben aljihu ranar Laraba. Idan na ciro takarda, ina mayar da ita a ninke, in duba lambar wuyan rigar, in kai wa mai ita hannu da hannu.