Tayoyin da Ba Sa Ƙara

Kafin a ga Susanna sai an ji ta. Shan inna ya shanye mata ƙafafu tun tana ƙarama, don haka a kan wani faffaɗan katako take tafiya, ta naɗe ƙafafun, ta sa silifa a hannuwa tana tura ƙasa. Tayoyin katakon boris ne na tsohuwar mota, ƙarfe zalla. Da sun hau kwalta sai su kama kuka kamar injin niƙa, masu keke da 'yan acaɓa su waigo su kauce mata.

A ofishin da take buga tafireta kowa ya saba da wannan ƙara, har aka kawo sabon babban akawu, Malam Hamisu. Wata safiya ya sa aka kira ta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce aikinta ba shi da aibu, amma baƙi na zuwa wurin Darakta, kuma duk sanda ta bi baranda sai an dakata da magana. In ba a sami mafita ba kafin ƙarshen wata, za a mayar da ita sito a bayan gini, inda babu tafireta, babu kuma ƙarin girma. Ya rufe da cewa ta yi haƙuri.

Wannan kalmar ce ta fi gajiyar da ita. Akwai matakala a ƙofar ofishin, kullum da hannu take hawa tana jan katakon da igiya, manya da ƙanana na wucewa suna yi mata sannu. Buhun siminti ɗaya ya isa a yi gangara a wurin. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa kawo zancen. Ƙarar ce kaɗai ta kai kunnen mutane.

Ranar Asabar ƙanenta Wilson ya goya ta a babur daga Jiddari Polo zuwa Bulabulin, wurin Ba'ana mai walda. Ba'ana ya zube mata tayoyi a ƙasa. Tayar baro za ta ratsa yashin unguwarsu, amma za ta ɗaga katakon har hannu ya kasa taɓa ƙasa. Ta kujerar ofis ba ta da ƙara sosai, sai dai ƙanƙanuwa ce mai tauri, tsakuwa ɗaya za ta tsayar da ita ta kifar da mutum. Sai ya shiga ciki ya fito da wani siririn katako da ya tsinta a dilar gwanjo, ya ce wai a kansa yaran Turawa ke tsayawa suna wasa a titi. Tayoyinsa na roba ne, rawaya, masu faɗi. Susanna ta danna ɗaya da farce, ta ji ta loɓa kaɗan ta dawo.

"Ya Susanna, wannan ko ɓarawo ne ya hau ba za a ji shi ba," in ji Ba'ana.

"To ai haka ake so in zama," ta ce. "Ɗaura min."

Ranar Litinin ta ja katakon cikin yashi har bakin kwalta kamar kullum, ta hau. Sau ɗaya ta tura ta ji ya tafi da ita sumul. Tsagewar titin da ke girgiza mata haƙora yau ko jin ta ba ta yi ba. Kafaɗunta suka saki. Ta ji hirar masu sayar da ƙosai, abin da ƙarar boris ta daɗe da hana ta ji, har ta fara tunanin ko Malam Hamisu alheri ya yi mata bai sani ba.

A mararraba wani ɗan acaɓa ya sauke fasinja, ya juya kan babur ba tare da ya dubi ƙasa ba. Tayarsa ta gaba ta bugi katakon, ta bi ta kan silifar hannunta na dama. Susanna ta tsinci kanta a bakin kwata. Abin da ta fara yi shi ne motsa yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Sun kumbura, fata ta saɓule, amma suna motsi.

"Wallahi, Madam, ban ji ki ba," in ji ɗan acaɓan. "Ai kullum ina jin ki tun daga nesa."

Jama'a suka taru, suka ce Allah ya tsare gaba, suka watse. Kwanaki ta yi tana buga wasiƙu da hannun hagu, a hankali, ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Asabar ta gaba ta koma wurin Ba'ana. Ya so ya ɗaura mata ƙararrawar keke, ta tambaye shi da wane hannu za ta kaɗa ta. Ta sa ya nemo wani katako, ya mayar da tsofaffin boris a kai. Mai tayoyin rawaya kuwa ta roƙi mai gadin ofis ya riƙa ajiye mata a ɗakinsa.

Yanzu da ƙara take zuwa, duk titi na jin ta. A bakin ofis sai ta sauka, mai gadi ya ɗauke na ƙarfen, ya ɗora na robar a saman matakala, ita kuma ta hau ta same shi. Wata safiya Malam Hamisu ya iso ya tarar da ita a tsakiyar hawan, ya dubi tayoyin rawaya yana murmushi.

"Kin gani ko? Da ma abu ne mai sauƙi."

Susanna ta ce haka ne. Ta matsa gefe ya wuce, ta dafa matakala ta gaba da hannun da bai gama warkewa ba.