Mutum Biyar a Ɗaki Biyu

"Mami, Anti ta sama tana cikin mutanen gidanmu?"

Ƙafar Mami ta tsaya cak a kan keken ɗinki. Shalele na kwance rub da ciki a kan tabarma, fensir a baki, littafin aikin gida a gabanta. Shekararta bakwai, amma tambayoyinta sun fi ƙarfin shekarunta.

"Wane irin zance ne wannan?"

"Malama ta ce mu zana mutanen gidanmu, mu rubuta yawansu. Ga shi nan, *altogether*. Anti ta ce duk inda na ga wannan kalmar, ko *total*, ko *sum*, ko *in all*, to a tattara ake nufi, kada a bar kowa a waje. Haka take yi min." Yarinyar ta buɗe hannuwa, ta rungume iska, har da lumshe ido.

Wannan rungumar ce ta sosa wa Mami rai. Anti ta sama maƙwabciyarsu ce, ma'aikaciyar kantin magani, ita kaɗai take zaune a ɗakin da ke bisa nasu. Tun da aka fara ba Shalele lissafi da Turanci, Mami ta kasa taya ta. Lamba ba ta taɓa ba ta tsoro ba. Turancin da ake naɗe lambar a ciki shi ne matsalar, don karatunta bai yi nisa ba aka cire ta daga makaranta. Ita da kanta ta ce, "Je ki wurin Anti ta duba miki." Yanzu kuwa komai Anti. Anti ta ce a wanke hannu haka. Anti ba ta tsawa. Kitson Anti ba ya zafi.

Mami ta jawo littafin. Ga Baba da motarsa, ga Auta kamar ƙwallo, ga Shalele a tsakiya. A dama wata mace da keken ɗinki, a hagu wata doguwa mai tabarau. Shalele ta cikin zanen hannun mai tabarau ta riƙe. A ƙasa an rubuta biyar, ƙatuwa.

"Mu huɗu ne a gidan nan."

"Amma Anti…"

"Anti ta haife ki? Ita ta kwana goye da ke lokacin da ƙyanda ta rufe ki?" Ta ɗauko magogin fensir daga cikin gwangwanin maɓallai, ta dangwara shi a kan littafin. "Gyara. Huɗu nake son gani. Kuma yau ba inda za ki hau."

Ta koma kan keke. Rigar wata mata take haɗawa, ta ɗinke hannun a baibai, ta farke, ta sake. A bayanta ba ta jin komai sai ƙarar magogi a kan takarda.

Can aka ƙwanƙwasa ƙofa. Anti ce, da farar rigar aikinta a kafaɗa, ta dawo ke nan.

"Maman Shalele, sannu da aiki. Yau ɗalibata ta yi min yaji ne?"

"Tana da uwa ai," in ji Mami, tana murmushin da bai kai ido ba. "Mun gode da ɗawainiya. Za mu ƙarasa da kanmu."

Anti ta ɗan tsaya. Ta leƙa ta saman kafaɗar Mami, ta ɗaga wa yarinyar hannu, yarinyar ba ta ɗago ba. "To, madalla," ta ce a hankali. Mami ta bi takun takalminta da kunne har saman bene. Ta jira ta ji sanyi a ranta, sanyin bai zo ba.

Auta ya farka da kuka, ta ba shi nono, ta ɗora tukunya, ta kwashe shanya. Sai da rana ta yi sanyi ta tuna ba ta ji muryar Shalele ba. Yarinyar tana zaune a bakin ƙofa, ta kifa littafin a cinya, tana kallon matakalar bene.

"Kawo in gani."

An goge biyar, an rubuta huɗu, ƙarama. Mami ta ƙirga da yatsa. Baba. Auta. Mai keke. Mai tabarau tana nan daram, hannunta a miƙe, ba ta riƙe da kowa. A tsakiya takardar ta yi baƙi-baƙi, har ta ɗan huje saboda guga.

"Ke kina ina?"

"Kin ce huɗu."

"Na ce huɗu, amma wa na ce ki goge?"

Shalele ta murza gefen rigarta. "In na goge Anti, za ta gani gobe ta ji ba daɗi. In na bar ta, ke za ki yi fushi. Ni ba zan ji haushin kaina ba."

Mami ta zauna a ƙasa, a nan bakin ƙofa, tukunya na tafasa a bayanta. Ta daɗe tana kallon hujin. Kishin bai tafi ba. Yana nan inda yake, ƙarƙashin haƙarƙarinta. Sai dai ta ga abin da ya ci.

Ta feƙe fensirin da rezar farke ɗinki, ta miƙa mata. "Mayar da kanki. Ki rubuta biyar."

"Wurin ya huje."

"To zana a nan." Ta ɗora yatsa dab da mai keken ɗinki, inda babu ko masakar tsinke tsakaninsu. "Nan akwai wuri."

Da yarinyar ta gama, Mami ta gyara mata ɗankwali. "Hau ki nuna wa Anti. Ki ce in ta huta ta sauko mu ci abinci. Tsaya tukuna. Yaya take yi miki in an ga kalmar nan?"

Shalele ta buɗe hannuwa. Mami ta shige cikin hannuwan, ta matse ta fiye da yadda kowace Anti za ta iya.

Ke mai ɗa, ki kiyaye: kada ki miƙa wa yaro magogi kina cikin fushi. Ba ki san wa zai goge ba.